Yadda Ake Zaɓen Zoben Baiko Mai Daimon Mai Siffar Ƙwai

Abu biyu ne suka sa daimon mai siffar ƙwai ya yi farin jini a zoben baiko. Yana sa yatsa ya fito dogo, kuma ya fi zagayayyen daimon mai nauyinsa cika ido. Zagayayye mai karat 1 faɗinsa wajen milimita 6.5 ne, shi kuwa mai siffar ƙwai na wannan nauyin yakan kai milimita 7.7 a tsawo da 5.7 a faɗi. Ga shi sau da yawa bai kai zagayayyen tsada ba, don ba a zubar da ɗanyen dutse mai yawa wajen yanka shi. Salon yankan da ake yayi yanzu, mai fuskoki 56 zuwa 58, Lazare Kaplan ne ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1950, wani gwanin yankan daimon da ya yi aiki a birnin New York.

Matsalarsa ita ce ba a sayensa da takarda kaɗai. GIA, cibiyar nazarin duwatsu masu daraja ta Amurka da aka kafa a 1931, ita ta tsara ma'aunin launi da na tsabta da kasuwar duniya ke aiki da su. Idan zagayayyen daimon ne, takardarta tana ba shi makin yanka, kuma kana iya dogara da makin. Amma takardun GIA da za ka tarar tare da mai siffar ƙwai a kasuwa, makin gogewa da na daidaiton fuskoki kawai suke ɗauke da su, babu layin da ke cewa yankan gaba ɗaya ya yi kyau ko bai yi ba. Sai ka ga duwatsu biyu, nauyi ɗaya, launi ɗaya, tsabta ɗaya, kuɗi kusan ɗaya, wannan yana walƙiya har ƙarshensa, wancan kuwa tsakiyarsa baƙi ƙirin. Saboda haka idonka ne zai yi aikin da takarda ba ta yi ba, kuma da yanka ake farawa.

Inuwar tsakiya

Kusan duk daimon mai wannan siffa yana da wata inuwa da ta gitta cikinsa daga gefe zuwa gefe, faffaɗa a bakin gefunan biyu, tsukakkiya a tsaka, kamar kalangu a kwance. Ba datti ba ne, ba kuma tsaga ba. Fuskokin da ke ƙasan dutsen aikin madubi suke yi, kuma na tsakiya suna ɗauko hoton abin da ke gabansu kai tsaye, wato kan mai kallo da kafaɗunsa, waɗanda suka tare haske. Kusurwar da mai yanka ya ba waɗannan fuskokin ita ke sa inuwar ta yi kauri ko ta yi laushi. Ba a rubuta ta a takarda, kuma wanki ko sauya zobe ba ya gyara ta.

Ga yadda ake gwada ta. Riƙe dutsen da ɗan matsefin da ake ɗaukar duwatsu da shi, nesa da idonka kamar santimita 30, fuskarsa tana kallonka. Karkata shi a hankali hagu da dama, sama da ƙasa. A dutse mai kyau inuwar tana watsewa, fuskokin tsakiya suna kunnuwa suna mutuwa yayin da kake motsi. A marar kyau kuwa, baƙin yana nan daram duk yadda ka juya. Wannan kada ka saya, ko da an yi maka ragi.

Kada ka yanke hukunci a ƙarƙashin fitilun shago. An jera su ne musamman don su sa kowane dutse walƙiya, har gilashi ma. Nemi a bar ka ka kai shi bakin taga, sannan ka duba shi a inuwa, inda babu fitila a samansa. Shagon da ya hana ka wannan ya riga ya gaya maka wani abu. Idan ta intanet kake saye, hoto bai isa ba, sai bidiyon da ake juya dutsen a cikinsa, kuma ka nemi wani da aka ɗauka da waya a kan hannu, cikin hasken ɗaki.

Kada kuma ka dage sai wanda ba shi da inuwa ko kaɗan. Ɗan duhu shi ke sa farin haske ya fito, kuma duwatsun da aka yanka don a kashe inuwar gaba ɗaya sukan koma ƙyalƙyali ƙanana barkatai, babu babbar walƙiya ko ɗaya. Akwai masu son hakan, amma irin waɗannan duwatsun sun fi nuna launin rawaya, sun kuma fi saurin dushewa idan maiƙo ya hau su.

Siffa da lambobi

Ɗora dutsen a kan farar takarda ka dube shi daga sama. Raba shi biyu da ido a tsaye, sannan a kwance. Kowane ɓangare ya zama daidai da ɗan'uwansa. Laifuffukan da aka fi samu su ne kai ɗaya ya fi ɗaya tsini, ko kafaɗu su kumbura har dutsen ya kusa zama mai kusurwa huɗu, ko gefuna su miƙe sambal babu lanƙwasa. A layin gogewa da na daidaito, tsaya a kan maki na ɗaya ko na biyu daga sama.

Takardar tana ba da awo uku a milimita: tsawo, faɗi, zurfi. Raba tsawon da faɗin. Dutse mai 8.40 da 6.10 zai ba ka 1.38. Tsakanin 1.35 da 1.45 nan ne yawancin mutane ke ganin siffar ta zauna. Ƙasa da 1.30 dutsen yakan zama kamar zagayayyen da aka kuskure, sama da 1.50 kuma ya yi siriri, inuwar tsakiya takan ƙara ƙarfi. Wannan dai zaɓin ido ne. Gajeren yatsa mai kauri yana karɓar dogon dutse, dogon yatsa siriri ya fi dacewa da mai ɗan jiki.

Zurfi ya kasance tsakanin kashi 58 da 63 cikin ɗari na faɗin dutsen, babbar fuskar sama kuma tsakanin kashi 53 da 63. Waɗannan lambobin na tacewa ne kawai, don rage duwatsun da za ka ɓata lokaci a kansu. Idan zurfi ya kai 66 ko 67, nauyin da ka biya kuɗinsa ya ɓuya a ƙasa inda ba mai gani. Idan bai kai 57 ba, haske yana zubewa ta ƙasa, tsakiyar ta zama fayau kamar gilashi. Ƙugun dutsen, wato bakin da ya kewaye shi, shi ma a duba: mai sirantaka ƙwarai yana ɓantarewa, mai kauri ƙwarai yana cin nauyi a banza.

Don haka a gwada duwatsu da milimita, ba da karat kaɗai ba. Mai karat 1.50 da aka yanka da kyau yakan kai wajen 9.0 da 6.6, mai karat 2 kuma wajen 10 da 7.2. Karat ɗin daimon awon nauyi ne, kashi ɗaya cikin biyar na giram, ba shi ne karat ɗin gwal ba, kuma za ka ga duka biyun a rasit ɗaya. Farashi yana tsalle a kan cikakkun lambobi, wato 1.00 da 1.50 da 2.00. Dutse mai 0.92 ko 1.42 ba mai bambanta shi da na gaba da shi a yatsa, amma aljihu yana bambantawa.

Launi da tsabta

Ma'aunin launi yana farawa daga D, wanda ba shi da launi sam, ya gangara zuwa Z mai rawaya a fili. Mai siffar ƙwai ya fi zagayayye riƙe launi, kuma a kawunansa biyu yake tara shi, don haka can za ka duba. Idan zoben farin ƙarfe ne, G ko H sun wadatar. Idan jan gwal ne, har I ko J suna fitowa fes, don launin gwal ɗin yana shiga cikin dutsen ko yaya. Sayen D ko E a ɗora a kan faratan jan gwal, wato 'yan ƙarafan da ke riƙe dutsen, asarar kuɗi ce tsagwaronta.

Tsabta ana auna ta da gilashi mai ƙara girma sau 10, makin yana farawa daga FL da IF mafiya tsabta, zuwa VVS1 da VVS2, VS1 da VS2, SI1 da SI2, sannan I1 zuwa I3 mafiya tabo. Abin da kake nema shi ne dutsen da ido zalla ba ya ganin tabonsa. VS2 yawanci yana cika wannan sharaɗi, SI1 ma sau da yawa. Inda tabon yake ya fi makinsa muhimmanci. Baƙin ɗigo a ƙarƙashin babbar fuskar sama yana fitowa fili, amma farin tabo a kusa da kai yana ɓacewa cikin ƙyalƙyali, ko farce ya rufe shi. Abin tsoro shi ne tsagar da ta iso bakin ƙugu. Daimon ya fi kowane dutse na halitta taurin karce, yana mataki na 10 a ma'aunin Mohs, amma bugu a daidai jijiyarsa yana tsaga shi, kuma irin wannan wurin ne yake fara buɗewa lokacin da maƙeri ke danna farce. Haka nan a guji SI2 da takardarsa ta ce makin ya dogara ne da gajimare a ciki, wato tarin ƙananan ɗige-ɗige, don irinsa yakan yi hazo.

Akwai kuma layin da ke nuna ko dutsen yana ba da haske, galibi shuɗi, idan hasken UV, wanda ido ba ya gani amma akwai shi a hasken rana, ya same shi. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na daimon suna yin haka. Kaɗan ko matsakaici ba laifi, yana ma taimaka wa I da J su ƙara fari, ga ragin kuɗi. Mai ƙarfi ne ake taka-tsantsan da shi, don wasu 'yan kaɗan daga cikinsu suna yin dishi-dishi a rana. Wadda za ta sa zoben a garin da rana ke ƙwallewa kusan duk shekara, dole a fita da irin wannan dutsen waje a gani kafin a biya.

Na haƙa ko na masana'anta

Daimon ɗin da ake ƙerawa a masana'anta daimon ne na gaske, sinadari ɗaya, tauri ɗaya, walƙiya ɗaya. Ana yin sa ta hanyar matsi da zafi mai tsanani, ko ta hanyar tara sinadarin kabon daga iskar gas a kan ɗan ƙwayar daimon. Kuɗinsa bai kama ƙafar na haƙa ba, kuma farashinsa ya yi ta sauka a 'yan shekarun nan. Mafi yawansu takardar IGI, wata cibiyar tantance duwatsu irin GIA, suke zuwa da ita. Duk abin da aka faɗa a kan inuwa da siffa ya shafe shi, sai ƙari ɗaya: wasunsu suna da ɗan surkin launin toka, ruwan ƙasa ko shuɗi wanda harafin launi ba ya bayyanawa.

A nan akwai maganar da ya kamata a faɗa ƙarara. A gidajenmu gwal kadara ne, mace tana ajiye sarƙa da awarwaro ta san ranar buƙata za a ɗora su a sikeli a biya ta farashin ranar. Daimon ba haka yake ba. Na haƙa, idan aka zo sayarwa, da wuya a mayar da abin da aka kashe, na masana'anta kuwa kusan kuɗin ƙarfen zoben kawai za a samu. Wanda ke son kyautar da za ta zama ajiya, ya rage girman dutse ya ƙara wa amarya gwal.

Sai batun jabu. Moisanait yana kama da daimon sosai, kuma yana wuce gwajin ɗan alƙalamin nan mai auna zafi da ake ɗora wa dutse ya yi ƙara. Alamarsa ita ce walƙiyarsa ta cika launukan bakan gizo, kuma idan ka leƙa ta gefe da gilashi za ka ga layukan fuskokin ƙasa sun zama bibbiyu. Zirkoniya ta fi daimon nauyi nesa ba kusa ba, kuma bakin fuskokinta yana dakushewa. Shi wannan alƙalamin ba ya bambanta na haƙa da na masana'anta ko kaɗan. Abin dogaro shi ne lambar takarda da aka zana da leza a ƙugun dutsen. Sa a nuna maka ita da gilashi, ka karanta da idonka, ka shigar da ita a shafin GIA ko IGI, sannan ka sa a auna tsawo da faɗi a gabanka su yi daidai da abin da shafin ya nuna. Ko a kasuwar gwal ta Deira a Dubai kake, ko Hatton Garden a Landan, ko Antwerp, wannan matakin ba a tsallake shi. Takardar da shago ya buga da kansa ba shaida ba ce.

Zoben kansa

Mutane sukan ƙarar da hankalinsu a kan dutse su manta da abin da zai riƙe shi, alhali yawancin asarar daga nan take zuwa.

Gwal mai karat 21 da 22, irin wanda aka saba sayowa daga Dubai da Saudiyya, ya yi laushi da riƙon daimon. Faratansa suna buɗewa, jikin zoben yana lanƙwashewa. A nemi karat 18, mai hatimin 750 a ciki, ko karat 14 mai hatimin 585, ko filatinam mai hatimin 950. Farin gwal ana shafe shi da wani ƙarfe mai suna rodiyam ne don ya yi fari tas, shafen yana gogewa cikin shekara ɗaya zuwa biyu, sai an sake. Wani farin gwal ɗin akwai nikel a haɗinsa, wanda ke sa wa wasu ƙaiƙayi, don haka idan fatarta ba ta jure ɗan kunnen ƙarfe, a tambaya. Filatinam ba ya buƙatar shafe, kuma farcensa lanƙwasa yake yi maimakon karyewa. Haɗin da ya fi dacewa da mai son jan gwal shi ne jikin zobe ja, faratan kuma farare, don dutsen ya riƙe farinsa.

Farata huɗu suna barin dutsen a buɗe, amma kawunansa biyu ba su da kariya, kuma idan farce ɗaya ya karye dutsen yana iya faɗuwa. Idan an sa su sun yi nisa da juna, sukan sa siffar ta koma kamar mai kusurwa. Farata shida, da ɗaya a kowane kai, sun fi aminci, kuma daga karat 1.50 zuwa sama su muke ba da shawara. A tabbatar akwai ɗan siririn ƙarfe da ya kewaye ƙasan dutsen ya haɗe faratan, shi ke hana su buɗewa idan zoben ya bugi ƙofar mota. Mai aikin hannu sosai, kamar ma'aikaciyar asibiti da ke sa safar hannu kullum, gara a yi mata wanda bakin ƙarfe ya zagaye dutsen gaba ɗaya. Yana ɗan rage hasken gefe, amma ba ya kama komai.

Tsayin dutsen a kan yatsa ma abin lura ne. Wanda aka ɗaga sama sosai yana kama mayafi, leshi da gashi, kuma kowane kamu yana ɗan jan farce. Wanda aka kwantar ƙasa kuma ba ya barin zoben aure ya zauna a jikinsa, sai rata ta fito tsakani. Idan za a haɗa su biyu a yatsa ɗaya, a gwada su tare tun yanzu.

Siririn jikin zobe ana yayinsa don yana sa dutse ya ƙara girma a ido, amma ƙasa da milimita 1.8 a faɗi ba ya daɗewa, balle idan an huda shi an jera ƙananan duwatsu. Milimita 2 ya fi kwanciyar hankali. Rawanin ƙananan duwatsu a kewayen babban yana ƙara masa girma da kuɗi kaɗan, da sharaɗin a ƙera shi daidai da awon dutsenka. Wanda aka riga aka ƙera aka cusa dutse a ciki yakan bar baƙar rata a kawuna. Launin ƙananan kuma kada ya fi na babban fari da nisa, in ba haka ba za su tona rawayarsa.

Awo, rasit da kulawa

Dogon dutse yana da nauyin kai, idan zoben ya yi sako-sako sai ya riƙa juyawa gefe. A auna yatsa da yamma, ba da sanyin safiya ba, kuma a tuna yatsa yana ramewa da hunturu ya kumbura da bazara. Lamba 6 ta awon Amurka milimita 16.5 ce a faɗin ciki, lamba 7 kuma 17.3. Idan gaɓar yatsa ta fi gindinsa kauri, maƙeri yana iya sa ƙananan ƙwallaye biyu a cikin zoben su hana shi juyawa. Zoben da duwatsu suka zagaye shi kaf ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, don haka a bar ƙasansa babu dutse. Wanda za a ƙera daga farko yakan ɗauki makonni, a ba da aikin da wuri kafin ranar baiko, kuma a nemi ganin zanen kwamfuta ko samfurin kakin zuma kafin a zuba ƙarfe.

Rasit ya ƙunshi lambar takardar dutsen, nauyinsa, ko na haƙa ne ko na masana'anta, karat ɗin ƙarfe da nauyinsa a giram, da kwanakin da aka yarda a dawo da kaya. A sa a rubuta cewa ba a cike tsagar dutsen da gilashi ba; GIA ba ta ba irin waɗannan duwatsun maki, wanda shi ma dalili ne na dagewa a kan takardarta.

Daimon yana jan maiƙo, kuma maiƙon da ya taru a ƙasansa shi ke kashe walƙiya ya ƙara duhun tsakiya. A cire zoben kafin shafa mai, kwaɓa fulawa, ƙunshi ko wanki da bilic, don bilic yana cin haɗin gwal har farce ya yi rauni. Wanke shi kuwa sauƙi ne: a jiƙa minti 20 a ruwan ɗumi da ɗigon sabulun wanke-wanke, a goge ƙasan dutsen da buroshin haƙori mai laushi, a ɗauraye a cikin kwano, ba a bakin famfo ba. A ajiye shi shi kaɗai a 'yar jakarsa, don yana karce gwal da sauran duwatsu. Lokaci-lokaci a kai zoben kusa da kunne a ɗan ƙwanƙwasa jikinsa da yatsa. Idan an ji dutsen yana kaɗawa, a daina sa shi har sai maƙeri ya matse faratan, kuma ko ba a ji komai ba a kai a duba su sau ɗaya a shekara.